KAFIN KA HAƘA KWAMIN KIFI, KA FARA KALLON FILIN DAGA SAMA

Yau rubutun yana da ɗan tsawo, ku daure ku karanta har ƙarshe, musamman wanda yake shirin kama fili a bakin ruwa a wannan ranin.

Ina da wani aboki, tare muka yi jami'a, tare muka je bautar ƙasa. Da muka dawo ya sayar da babur ɗinsa, mahaifiyarsa ta ɗauki adashi ta haɗa masa, ya ce shi kiwon kifi zai yi. A watan Maris na 2022 ya samu fili haya a gefen kogi, can ƙasa da Wudil. Fili a shimfiɗe, ƙasa mai laka wadda take riƙe ruwa, ga kogi kusa ba sai ya haƙa burtsatse ba, kuɗin haya kuma kamar kyauta. Ya kira ni yana murna, ya ce, "Mutumina, na tsinci dami a kala." Na je na gani da idona, na ce masa Allah Ya sa albarka. Mu biyu masu digiri a harkar noma, babu wanda ya tambayi dalilin wannan arahar.

Ya haƙa kwamin ƙasa guda biyu, ya zuba 'ya'yan tarwada a watan Mayu, da lissafin zai kwashe a ƙarshen Oktoba. Duk wanda ya taɓa kiwon tarwada ya san cewa daga wata na uku zuwa sama kifi yake buɗe ciki, a nan kuɗin abinci yake tafiya. To sai da ya gama zuba wannan kuɗin, a watan Satumba, ruwa ya zo cikin dare. Da gari ya waye babu kwami babu gona, duk sun zama shafi ɗaya. Kifi ya bi kogi. Yaran ƙauyen sun yi kwanaki suna kama tarwada a cikin gonakin shinkafa.

Kowa ya san 2022 shekarar ambaliya ce. Sama da mutum 600 suka rasu a faɗin Najeriya, fiye da miliyan ɗaya suka bar gidajensu, kuma Jigawa tana cikin jihohin da abin ya fi yi wa ɓarna. Don haka muka ce masa ƙaddara ce, ya yi haƙuri. Kuma ƙaddarar ce, babu musu.

Amma bayan 'yan watanni, muna zaune a ƙofar gida a nan Madabo bayan sallar isha'i, na buɗe wata taswirar ruwa da aka haɗa daga hotunan tauraron ɗan adam, na nemo filin nasa. Wallahi jikina ya yi sanyi. Wurin yana ɗauke da launin da ake sa wa ƙasar da ruwa yake hawa ya sauka. Ba a 2022 ruwa ya fara kwanciya a wannan filin ba. Bayanin yana nan a intanet, kyauta, tun kafin ya biya kuɗin haya.

Kawuna yana gefe a kan tabarma yana jinmu. Ya ce in nuna masa unguwarmu. Na buɗe Google Earth, na ja hoton baya zuwa farkon shekarun 2000. Ya sa tabarau ya ƙura ido, sai ya ɗora yatsa a kan wani baƙin tabo ya ce, "Kai yaro, wannan ai kududdufi ne, a nan muka koyi iyo." Na dawo da hoton zuwa na yanzu, wurin ya zama gidaje. Na ce, "Kawu, an cike shi." Ya ce, "An cike shi a idonku. Ka je ka tambayi masu gidajen yadda suke kwana a watan Agusta. Ruwa ba ya manta hanyarsa."

Wannan maganar ta Kawu ita ce gaba ɗaya abin da nake so in faɗa yau. Bambancin kawai shi ne, da sai ka samu dattijon da ya san wurin, yanzu kuma akwai na'urar da ta shafe shekaru tana ɗaukar hoton wurin tana ajiyewa.

ME TAURARON YAKE GANI?

Tun 1972 Amurka take harba taurarin da ake kira Landsat, suna zagaya duniya suna ɗaukar hoton ƙasa. Tarayyar Turai kuma tana da nata shirin mai suna Copernicus. A cikinsa akwai Sentinel-2, wanda aka harba na farkonsa a 2015, na biyu a 2017. Yana shawagi a nisan kilomita kusan 790 daga ƙasa, kuma duk bayan kwana biyar yana sake ɗaukar hoton wuri ɗaya. Ma'ana Dam ɗin Tiga, kogin Wudil, fadamar ƙauyenku, duk ana ɗaukarsu kusan sau shida a wata. Hotunan kyauta ne ga kowa.

Najeriya ma ba a bar ta a baya ba. An kafa hukumar NASRDA a 1999, aka harba NigeriaSat-1 a watan Satumba na 2003, sannan NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a watan Agusta na 2011. Hukumar tana da cibiyar nazarin irin waɗannan hotuna a Jos.

Yadda yake gane ruwa abu ne mai sauƙi. Akwai wani nau'in haske da idonmu ba ya gani. Ganyen shuka yana mayar da wannan hasken sama da ƙarfi, ruwa kuma shanye shi yake yi. Don haka a idon na'urar, ruwa baƙi ne ƙirin, shuka kuma tana ƙyalli. Daga launin ruwan kuma ana iya gane ko ya yi laka, ko gansakuka ta yi masa yawa. Matsalar irin wannan kyamara ita ce gajimare. In hadari ya rufe sama, ba ta ganin komai, alhali a lokacin ne aka fi buƙatarta. Shi ya sa aka yi Sentinel-1, wanda yake aiki da rada. Shi aika siginarsa yake yi ƙasa ya saurari dawowarta, ba ruwansa da gajimare, ba ruwansa da dare. Da irinsa ake zana taswirar ambaliya tun ruwan bai janye ba.

YADDA MUTANEN BAKIN TEKU SUKA MAYAR DA SHI SANA'A

A Afirka ta Yamma, waɗanda suka fi nisa wajen mayar da waɗannan hotuna abin amfanin ƙaramin mai sana'a su ne mutanen bakin teku. Akwai shirin haɗin gwiwa tsakanin Tarayyar Afirka da Tarayyar Turai mai suna GMES and Africa. Ɓangarensa na teku a yankinmu Jami'ar Ghana da ke Legon ce take jagoranta, kuma cibiyar binciken teku ta Najeriya, NIOMR da ke Legas, tana cikin abokan aikin.

Ga yadda abin yake. Daga wajen Yuli zuwa Satumba, ruwa mai sanyi yana tasowa daga ƙarƙashin teku a gaɓar Ghana da Kwaddibuwa, yana ɗauko taki daga ƙasa. Wannan takin yana haifar da ƙananan tsirrai masu yawo a ruwa, ƙananan kifaye su zo ci, manya su biyo su. Tauraro ba ya ganin kifi. Abin da yake aunawa shi ne zafin saman ruwa da korensa. Inda ruwa mai sanyi ya haɗu da mai ɗumi kuma ga kore, nan ake sa ran kifi. Sai masana su zana taswira su ce ga yankin da ya kamata a nufa. Ga masunci wannan kuɗin fetur ne kai tsaye, domin ba zai ƙona mai yana yawon lalube ba.

Ban da wannan, ana aika wa masu kwale-kwale saƙon waya kan yanayin teku, ko igiyar ruwa ta yi ƙarfi ko ana iya fita. Ana bin sawun manyan jirage masu satar kifi, domin rada tana ganin jirgi ko da ya kashe na'urar da take nuna inda yake. Ana gano malalar ɗanyen mai. Ana auna yadda teku yake cin ƙasa, irin abin da yake faruwa a garin Ayetoro na jihar Ondo, inda ruwa ya cinye gidaje masu yawa.

Darasin da na ɗauka a nan shi ne yadda aka tsara abin. Masunci a Elmina ba ya buƙatar hoton tauraro, ba zai ma iya karanta shi ba. Abin da yake buƙata amsar tambaya biyu ce: in fita yau ko kar in fita, in na fita ina zan nufa? Hoton yana tsayawa a ofis, abin da yake isa hannunsa gajeren saƙo ne. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

TO MU A KANO ME YA HAƊA MU DA TEKU?

Wani zai ce, "Malam, mu da ko gulbi sai mun hau mota, ina ruwanmu da teku?" Akwai ruwanka, yana cikin buhun abincin da kake saya.

Garin kifi yana cikin abubuwan da ake haɗa abincin kifi da shi, musamman na 'yan ƙanana, kuma wasu masu haɗa abincin kaji ma suna sa shi. Ƙasar da ta fi kowa samar da garin kifi a duniya ita ce Peru, a Kudancin Amurka, daga wani ɗan ƙaramin kifi mai son ruwan sanyi. Duk shekarar da ruwan tekun Fasifik ya ɗumama, abin da ake kira El Nino, kifin nan sai ya nutsa ƙasa ko ya ƙaura. A 2023 haka ta faru, har gwamnatin Peru ta soke kakar kamun farko ta shekarar a babban yankin kamunta, farashin garin kifi ya tashi a kasuwar duniya. Taurari sun nuna ɗumamar ruwan tun kafin a kai ga haka. Ba na cewa wannan kaɗai ne ya tsadar da abinci a wurinmu, faɗuwar naira da tsadar masara da waken suya sun fi shi tasiri. Amma wanda abinci yake cinye masa kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwo, in ya ji labarin El Nino a rediyo, bai kamata ya ɗauka hirar Turawa ce ba.

Sannan ga kifin ƙanƙara. Hukumomi sun sha faɗa cewa Najeriya tana buƙatar kifi tan miliyan 3.6 a shekara, abin da muke samarwa kuma bai wuce tan miliyan ɗaya da 'yan kai ba. Kifin teku da ake shigowa da shi yana cike wani ɓangare na giɓin, kuma da shi tarwadarka take gogayya a kasuwa. In ya yi tsada, matar gida ta waiwayo ka. In ya yi araha, ta wuce ka.

NAMU TEKUN

Amma babban amfanin yana nan gida. Mu namu tekun shi ne Tiga da Challawa da Kogin Haɗeja da Tafkin Chadi.

An kammala Dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a 1992. Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗuwa kafin Wudil, su gangara ta Ringim zuwa Haɗeja, daga nan ruwan ya bazu cikin fadamar Haɗeja da Nguru, ragowar ya nufi Yobe har Tafkin Chadi. Igiya ɗaya ce. Ruwan da ya sauka a kudancin Kano yau, bayan 'yan kwanaki shi ne a ƙofar gidan mutumin Auyo. Mutanen Haɗeja sun san wannan, shi ya sa duk damina za ka ga matasa suna kwana a kan jinga suna jera buhunan ƙasa.

Tun da aka yi dam-daman nan, yanayin kogin ya canza. Da can yakan cika da damina ya ƙafe da rani. Yanzu akwai ruwa a hanyoyin kusan duk shekara, wannan ya ba ciyawar kachala damar mamaye su. Kachala tana toshe hanyar ruwa, laka ta taru, ruwan ya karkata inda da ba ya zuwa, wani wurin kuma da yake samun ruwa ya bushe. Don haka ko dattijon ƙauye zai iya ce maka, "Nan ruwa bai taɓa zuwa ba," kuma gaskiya ya faɗa a kan zamaninsa, amma hanyar ta sauya. A hoton sama kana ganin kachala shimfiɗe kore shar a tsakiyar rani, lokacin da komai ya bushe.

Tafkin Chadi kuwa shi ne misalin da duniya ta fi sani. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita kusan 25,000. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, hotunan tauraro suka nuna ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma. Hotunan baya-bayan nan kuma sun nuna cewa tun shekarun 1990 ya daina wannan raguwar, yana cika yana janyewa gwargwadon damina. Duk wanda ya san bandar Baga ya san me wannan tafki yake nufi ga kasuwar kifin Arewa.

Kada kuma mu manta dam yana iya ɓallewa. Na Bagauda ya ɓalle a watan Agusta na 1988. Na Alau ya ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwa ya shiga Maiduguri. Wanda zai kafa gona a ƙasan dam ya san a ƙasan me yake zaune.

YADDA ZA KA DUBA FILINKA

Ba sai ka karanta kimiyyar taswira ba. Waya mai kyau da data sun isa, in da kwamfuta ya fi daɗi.

1. Ka je filin da ƙafarka, ka tsaya a daidai inda za ka haƙa, ka buɗe Google Maps ka danna wurin ka riƙe. Zai ba ka lambobi guda biyu. Ka rubuta su a takarda. Su ne adireshin filinka a duk wata taswira.

2. Ka sa lambobin a Google Earth, ka kunna tsofaffin hotuna, ka riƙa ja baya shekara bayan shekara. Ka fi mayar da hankali kan hotunan Satumba zuwa Nuwamba. Ka nemi tsohuwar hanyar ruwa, ko farin yashi a tsakiyar gona, ko wani lanƙwasasshen tabo mai duhu. In ka ga duk gidajen ƙauyen sun taru a gefe guda sun bar ɓangaren filinka, ka tambayi kanka dalili. Mutanen ƙauye ba su bar fili mai kyau haka kawai ba.

3. Ka nemi Global Surface Water Explorer. Ita ce taswirar da na duba wa abokina. Masanan Tarayyar Turai ne suka haɗa ta daga hotunan Landsat tun daga 1984. Tana nuna inda ruwa yake zaune dindindin da inda yake zuwa ya tafi. In filinka yana da launi, ko da mai haske ne, ka yi hattara. In kuma ba shi da launi, kar ka saki jiki gaba ɗaya, domin ambaliyar da ta zo ta wuce a ƙarƙashin gajimare tana iya kuɓuce mata.

4. Ka buɗe Copernicus Browser, rajista kyauta ce. Ka ɗauko hoton Sentinel-2 na ƙarshen Afrilu, ka ɗauko na ƙarshen Satumba, ka kwatanta. Na Afrilu zai nuna maka ƙarshen janyewar ruwa, na Satumba ya nuna ƙarshen cikarsa. Lallai ka duba Satumba da Oktoba na 2022. In filin ya tsira a wannan shekarar, alama ce mai kyau.

5. Ka bi kogin ka yi sama, ka ga me yake zuba a cikinsa kafin ya iso ka. Wanda yake ƙasan unguwannin masana'antu na Challawa da Sharaɗa, ko yake ɗibar ruwan da ya biyo Jakara da Getsi, ya san ba ruwan sama kaɗai yake samu ba. Irin wannan ruwan sai an kai shi gwaji kafin a zuba masa kifi.

6. Bayan duk wannan, ka koma ƙauyen. Ka gaida mai unguwa, ka nemi sarkin ruwa ko wani tsohon masunci. Ka ce, "Baba, a shekarar babban ruwa, ina ruwa ya tsaya?" Zai nuna maka a jikin bishiya ko bango. In maganarsa ta dace da hoton, ka samu gaskiya. In sun saɓa, ka ɗauki wadda ta fi tsoratarwa.

Masu sha'awar keji a cikin dam, hoton Afrilu da Mayu ne naku. Inda kake ganin ruwa malala a watan Oktoba, yana iya zama tabo a watan Mayu, kuma keji yana buƙatar sarari a ƙarƙashinsa don kashi da ragowar abinci su wuce. Ka zaɓi inda ruwa bai taɓa janyewa ba a hotunan shekaru da yawa, sannan ka shiga kwale-kwale ka auna zurfin da igiya da dutse. Kuma ka nemi izinin hukumar da take kula da dam ɗin kafin ka sayi ko ƙarfe ɗaya.

LOKACIN ZUBI

Sanin wuri rabi ne, sanin lokaci ɗaya rabin. A farkon kowace shekara NiMet tana fitar da hasashen damina: yaushe za ta faɗi, yaushe za ta ɗauke, ina za a samu ruwa fiye da yadda aka saba. Tana ma fassara shi da Hausa. Hukumar NIHSA kuma tana fitar da hasashen ambaliya na shekara, da jerin ƙananan hukumomin da suke cikin haɗari. Akwai kuma Flood Hub na Google, wanda yake hasashen cikar manyan koguna har kwana bakwai gaba. Duk waɗannan suna amfani da bayanan tauraro.

In filinka yana cikin fadama kuma ba ka da wani, ba dole ne ka haƙura da kiwo ba. Ka juya kalandarka. Tarwada tana kai girman kasuwa a wata biyar zuwa shida in ana ciyar da ita yadda ya kamata. Ka zuba a watan Fabrairu in sanyi ya fara sauka, ka kwashe a watan Yuli kafin kogi ya cika. Agusta da Satumba ka bar wa ruwa filinsa. Da abokina ya yi haka, da labarin ya bambanta.

ABIN DA TAURARO BA ZAI GAYA MAKA BA

A nan sai mu faɗa wa juna gaskiya, kar wani ya zo ya sayar muku da abin da babu. Ɗigo ɗaya a hoton Sentinel-2 mita goma ne tsawo, mita goma faɗi. Kwaminka na siminti a bayan gida, ko tankin tamfol ɗinka, bai kai ɗigo ɗaya ba. Babu wani tauraron kyauta da zai gaya maka ruwan kwaminka ya lalace. Duk wanda ya ce ka biya shi zai riƙa duba maka lafiyar kifinka daga sama, ka riƙe kuɗinka.

Ba ya ganin iskar da take cikin ruwa. Ba ya jin warin ruwa. Ba ya ganin ƙarfasa ta taso sama da asuba tana haki saboda gansakuka ta shanye iskar cikin dare. Wannan aikin idonka ne da hancinka, da ɗan abin gwajin ruwa, da tashin asuba. Tauraro na zaɓen wuri ne da zaɓen lokaci. Kula da kifi kullum yana nan a wuyanka.

MASU KAJI FA?

Ku ma da rabonku. Ɗakin kaji da ruwa ya shiga ya gama aiki, domin jiƙaƙƙen dusar katako gidan cuta ne, don haka matakan nan shida sun shafe ku. Na biyu, hasashen NiMet yana nuna zafin Maris zuwa Mayu. Wanda zai sa kajin gidan gona masu nama ya lissafa kar satin ƙarshe, lokacin da suka yi nauyi, ya faɗo a tsakiyar wannan zafin ba tare da shiri ba. Na uku, fadamar Haɗeja da Nguru matattarar tsuntsaye ce masu zuwa daga Turai da sanyi. Tsuntsayen ruwa suna iya ɗauko murar tsuntsaye, cutar da aka fara tabbatarwa a Najeriya a watan Fabrairu na 2006 a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna. In hoto ya nuna maka tafki ko fadama dab da inda za ka gina ɗaki, ka matsa nesa, ka sa raga, kuma kar ka shayar da kajinka ɗanyen ruwan tafki.

ABIN DA YA RAGE MANA

Na ce za mu dawo kan masuncin Elmina. Shi an tsaya an tambaye shi me yake buƙata, aka mayar da hoto saƙon da zai gane. Mu masu kiwo a bakin Kogin Haɗeja bayanan suna nan, amma sun warwatsu, yawanci da Turanci, kuma babu wanda aikinsa ne ya kawo mana su a kan lokaci.

Tambayoyinmu ba su da yawa. Wannan filin ruwa yana hawansa? Bana yaushe kogi zai cika? In za a saki ruwan dam, kwana nawa ne kafin ya iso mu? Amsar ta ukun tana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ita take kula da Tiga da Challawa. Mutum ɗaya ba zai je ya nemi a riƙa sanar da shi ba, amma ƙungiyar masu kiwon kifi mai rajista za ta iya. Ta farko da ta biyu kuwa, ɗalibin sashen nazarin ƙasa guda ɗaya daga Jami'ar Bayero zai iya amsa wa ƙungiya guda. Kowace ƙungiya ta ware mutum ɗaya, a tara masa kuɗin data, aikinsa ya duba hasashe duk mako daga Yuli zuwa Oktoba, ya yi saƙon murya da Hausa na minti ɗaya ya tura wa 'yan ƙungiya. Kuɗin wannan a wata bai kai na buhun abinci ɗaya ba. Gargaɗin kwana uku ya isa mutum ya kwashe kifinsa ya sayar ko da a ƙaramin girma, ko ya zagaye kwaminsa da raga. Rabin kuɗi ya fi babu.

Abokin nawa bai bar kiwo ba. Ya dawo cikin gari ya fara da tankin tamfol biyu a gidansu, yana biyan mahaifiyarsa kaɗan-kaɗan. Kwanakin baya wani ya yi masa tayin fili a wajen Tamburawa. Kafin ya je ganin filin ya turo mini lambobi guda biyu, ya rubuta, "Mutumina, duba mini wannan."

Kai ma kafin ka biya kuɗin haya, ka je ka ɗauko lambobin filinka. Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya sa albarka a kiwonmu, Ya ba mu damina mai albarka. Amin.